Wanda Ke Zaune a Hagun Baba

Litinin, sha ɗaya da minti goma na safe

Da sunan Allah. Ni ne Babban Likitan Ƙwaƙwalwa na wannan asibiti, wanda in ya yi tari a bene na uku masu gadin ƙofa ke gyara tsayuwa. Wannan littafina ne na sirri. Duk wanda ya buɗe shi, musamman in yana sa gilashi kuma yana aikin ofis, zan sa a yi masa allura.

Yau na fara yi wa wani dattijo mai gyaran agogo magani da injin maganaɗisu. Sati bakwai ke nan da ya faɗi a shagonsa, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ƙafar ta ɗan dawo, hannun yana tafe a hankali. Abin da ya ƙi dawowa shi ne hagun duniya. Idonsa lafiya lau, na haska na gani. Amma duk abin da ke hagunsa, a wurinsa babu shi: rabin faranti, rabin ɗaki, rabin gemun da yake bari bai taje ba.

Na ba shi takarda na ce ya zana agogo. Mutumin da ya shekara talatin yana buɗe cikin agogo da ɗan tsinke. Ya zana da'ira mai kyau, sannan ya cusa lambobi goma sha biyun nan duka a gefen dama, kamar mutanen da rana ta koro zuwa inuwa ɗaya. Ya miƙo mini yana murmushi. Ƙaramin ɗansa ya tashi ya fita, wai fitsari.

'Ya'yansa biyu ne. Babban, wanda ake kira Yaya, shi ke zama a dama. Auta a hagu. A binciken da na yi, Autan ya fi kyau, ya fi hankali.

Mun cire wa dattijon agogo da makullai, mun sa masa wata hula mai zane-zane, mun toshe masa kunne. Kan injin kamar zobe biyu ne a manne, irin mariƙin almakashi amma ƙato. Da farko an yi ta matsawa da shi har babban yatsansa ya motsa da kansa, ya kalli yatsan ya ce, "Kai kuma wa ya aike ka?" Sannan aka ɗora a bayan kansa, abin ya kama tat-tat-tat-tat. Da aka gama sai ya ce, "Likita, wannan injin naku gudu yake yi. Ku kawo mini shi shago."

Sau goma za a yi. Saura tara.

Talata, goma da rabi na safe

Auta ya yi tambaya mai zurfi yau. Yayan yana ta zuba Turanci, ba wanda ya gane inda ya dosa, sai Auta ya ce, "Likita, ciwon a ɓarin ƙwaƙwalwa na dama aka ce yake, me ya sa kuke ɗora abin a ɓarin da ke lafiya?"

Na yi masa bayani. Ƙwaƙwalwa ɓari biyu ce, aikinsu a gicciye: na dama ke kula da hagun mutum, na hagu ke kula da damansa. Kowanne yana ɗan danne ɗan'uwansa, shi ya sa ake zaman lafiya. Da na dama ya yi rauni, sai mai lafiyar ya samu fili, ya cika gidan da surutu, yana ta jan ido zuwa nasa gefen. Injin ba ya ta da mai raunin. Mai ƙarfin yake cewa, yi shiru haka nan, bari ɗan'uwanka ya yi magana.

Auta ya ce, "To in kun gama da Baba, za a iya ɗora wa Yaya?"

Nas ta yi dariya har ta dafa bango. Yaya ya ce, "Kai dai har ka mutu ba za ka girma ba."

Dattijon ma ya yi dariya. Sai dai Yaya ya kalla yana yi.

Laraba, bayan la'asar

An kawo mini rahoto daga gidan majinyacin. Mu manyan likitoci muna da masu kawo mana rahoto.

Malama mai motsa jiki ce ta raba kujerun tun satin da aka sallamo shi. Ta dubi Auta ta ce, "Kai mai surutu, hagu. Kada ka zagaya masa. Ka sa ya neme ka." Aka juya gadon yadda ƙofa da rediyo da Auta duk suna hagu. Yaya kuwa ya ja kujera mai katifa ya zauna a dama, inda taga take, inda iska take, inda Baba yake. Inda majinyacin yake, nake nufi.

Yau Auta ya yi minti arba'in yana murza ƙafar hagu da mai, yatsa bayan yatsa, yadda Malama ta nuna. Yaya yana duba waya. Da aka gama dattijon ya sauke ajiyar zuciya, ya dubi Yaya ya ce, "Allah ya yi maka albarka, hannunka da laushi."

Yaya ya ce, "Baba, ai Auta ne."

"Auta yana ina?"

"Ga ni nan, Baba."

Dattijon ya ji muryar sarai, amma ya amsa wa Yaya. "To ka ce masa ya daina yawo."

A ilimin likitanci wannan ba komai ba ne. Abin da aka faɗa ta hagu, masu irin wannan ciwo sukan amsa shi ta dama. Ba komai ba ne.

Da aka kawo abinci, dattijon ya cinye rabin faranti ƙaƙaf kamar an ja layi da wuƙa, ya ce Umma ta fara rowa. Naman yana ɓangaren hagu. Auta ya cinye shi. Na yarda da wannan hukunci.

Alhamis, sha biyu saura kwata

Na huɗu. Tat-tat-tat.

Malama tana gwada shi da jarida, yana fara karatu daga tsakiyar layi, ba kai ba gindi. Sai Auta, wanda makarantar allo kawai ya yi, wanda a gidan ake cewa bai yi karatu ba, ya lura da abin da masu digiri ba su lura ba. Rubutunmu na ajami daga dama yake tashi. Dattijon da shi yake rubuta sunayen masu agogo a 'yar takarda. In an ba shi ajami zai kama farkon layi daidai, ƙarshen ne zai ɓace masa. Kuma wanda ya kama farkon magana yakan so jin ƙarshenta.

Malama ta ce, "Kai, wannan dabara ce! Ka riƙa rubuta masa layi ɗaya dogo kullum."

Ta faɗa a gaban Yaya. Ina so a rubuta wannan: a gaban Yaya.

Auta ya ciro tsohon allonsa daga bayan kabad, ya wanke, ya kwantar da shi a gicciye don layin ya yi tsawo. Ba zai yi wasa da karatu ba, don haka nasa ya rubuta:

Baba jarumi ne ba ya tsoron kowa, sai allura da Umma.

Dattijon ya karanta da ƙarfi, "Baba jarumi ne ba ya tsoron kowa." Ya gyaɗa kai. "Gaskiya ne. Wa ya rubuta?" Ya dubi Yaya. "Ashe ba ka manta alƙalami ba."

Juma'a, tara da minti biyar

Na biyar. Yaya ya sa sabuwar riga. Asibiti aka zo ko ɗaurin aure?

Asabar, bayan azahar

Ba aiki yau, injin yana hutu.

Allo: Umma ta fi kowa iya girki, in ba ta tsaya hira a ƙofa ba. Ya tsaya a girki. Umma ta ji daɗi, ta ƙara masa shayi. Da ta leƙa allon ta ga sauran, ta bi Auta da murfin tukunya har tsakar gida.

Can ta tsaya tana haki ta ce, "Kai Auta, zo nan. Malama ta ce ka zauna a hagu, ba ta ce an ɗaure ka ba. Ka zagaya sau ɗaya mana ya ga fuskarka. Sati takwas!"

Auta ya ce dokar likita ce.

"Ni zan tambayi likitan."

Auta ya ce likitan ba ya son tambaya.

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ba shi makullin shago ta ce ya je ya ɗauko wa babansa ɗan gilashin nan na ido ɗaya, yana ta cigiyarsa.

Ya je. Ya ɗaga ƙofar ƙarfen rabi. Ƙura ta rufe teburin, kujerar tana nan a kwance yadda aka bar ta. Agogunan bango masu batir suna ta aiki, ashirin da uku, kowanne da lokacinsa. Ɗaya yana cewa biyu, ɗaya bakwai da rabi. Ya ɗauki gilashin ya ja ƙofar. Mai shayi na kusa ya kira shi, bai waiwaya ba.

Lahadi, biyar na yamma

'Yan dubiya. Kawu da matarsa, da abokan shago uku. Duk suka jeru a dama don ya gan su, har suna taka juna. Hagu mutum ɗaya da rediyo.

Kawu ya ce, "Ka gode Allah da ya ba ka ɗa irin wannan. Ya bar ofis ya zo ya zauna da kai."

Hutun sati biyu Yaya ya ɗauka. Sati biyu! Wani kuma shekara goma sha ɗaya yana share shago, yana neman ƙananan sukurori a ƙasa da gwiwa, ba wanda ya taɓa cewa a gode Allah.

Auta ya yi wa Kawu gwalo daga bayan kunnen dattijon. Ya ɗora wa dattijon cokali a kafaɗar hagu, ya zauna har aka yi sallama. Ba wanda ya yi dariya. Ba wanda ya ma gani, kuma su lafiyarsu ƙalau.

Litinin, sha ɗaya daidai

Na shida. Bayan an gama na ba shi takarda mai 'yan layuka arba'in a warwatse, na ce ya soke duk wanda ya gani. Makon jiya goma sha shida ya soke. Yau ashirin da biyu. Ya tsallaka tsakiya da kaɗan.

Na miƙa wa Yaya hannu na ce madalla. Ban san me ya sa na yi haka ba. Kuskure ne babba a aikin likita. Wanda ke rubuta allo yana tsaye a wurin, hannunsa duk tawada.

Talata, bayan azahar

Allon yau:

Yaya ɗa ne nagari mai albarka, wanda bai taɓa ɗaukar fo ɗinka na fitsari ba ko sau ɗaya.

Ya karanta rabi. Ya kamo hannun Yaya ya riƙe. Ya ce, "Ai na sani."

Ya riƙe shi har ya yi barci.

Laraba, goma da minti ashirin

Na takwas. Ana cikin tat-tat-tat, su biyun suna zaune a bencin waje, sai Yaya ya ce ba tare da ya juyo ba:

"Sau biyu."

"Me?"

"Fo. Sau biyu na ɗauka, satin farko, kana can kana kuka a bayan ɗakin magani."

Ashe yana karantawa. A hankali, yana motsa leɓe, amma yana kaiwa ƙarshe. Tun ranar Alhamis yake karantawa.

Auta ya ce, "To mai ofis, a ba ka lambar yabo?"

"Kai wawa ne, wallahi. Ka san abin da yake ce mini in ka fita? Ina Auta. Auta ya ci abinci? Auta ya san inda na ajiye kaza. Ni yake kallo, kai yake tambaya. Shekara goma sha ɗaya kuna shago ku biyu, kuna da maganganunku da ba na ganewa, in na zo sai ku yi shiru kamar baƙo ya shigo. Yanzu na samu sati biyu, shi ma ka tsaya kana ƙirga mini."

Auta ya kama goge tawadar da ke hannunsa.

Yaya ya cire gilashi ya goge da bakin riga. "Kuma likita ya faɗa tun ranar farko, hawan jini ne. Wata uku ba ya shan maganinsa. Ko kana wurin..."

"Ban tambaye ka ba."

"To ka zagaya ya gan ka."

"Na ce ban tambaye ka ba."

Ni Babban Likita ina ciki lokacin, ban ji ko ɗaya daga wannan ba.

Alhamis, tara saura minti biyar

Ba allo yau. Tawada ta ƙare.

Alhamis, bayan la'asar

Ba ta ƙare ba.

A hagu, in bai kalle ka ba, ciwo ne. Kowa ya sani, likita ya sa hannu. In ka zagaya dama ya gan ka sosai, sannan ya kau da kai, wannan kuma me za a kira shi?

Wani majinyaci ne ya tambaye ni. Ba ku san shi ba.

Juma'a, sha ɗaya da kwata

Na goma, na ƙarshe. Nas ta cire masa hular ta ce ya tafi da ita ya yi ado. Ya ce injin har yanzu gudu yake yi.

Layuka: ashirin da tara. Agogo: bakwai da takwas sun koma mazauninsu, tara ta tsaya a hanya tana shawara, goma da sha ɗaya suna can maƙale da sha biyu. Na faɗa wa iyalin gaskiya. Wasu sukan ci gaba da samun sauƙi bayan an gama, wasu iyakarsu ke nan. Injin ya ce wa mai surutu ya yi shiru, amma ba zai iya tilasta wa ɗayan ya buɗe baki ba. A ci gaba da aikin Malama, a dawo bayan wata ɗaya.

Umma ta ce alhamdu lillahi. Yaya zai koma aiki ranar Litinin.

A mota Auta ya zauna a hagu. Dattijon yana kallon shagunan dama suna wucewa, yana faɗa wa Yaya wanda agogonsa ya taɓa gyarawa.

Asabar, goma na safe

Auta ya wanke allo sau uku kafin ya rubuta.

Baba, agogunan shago ranar nan, ni na juya su, kuma ina bakin titi ina dariya lokacin da ka faɗi.

Ya karanta, "Baba, agogunan shago ranar nan." Ya tsaya. Ya ce, "Me suka yi?" Yaya ya kau da kai daga allon. Dattijon ya nemi shayi.

Tunda an zo nan, bari in rubuta abin da fayil ɗina bai ƙunsa ba. Ran nan Auta ya riga dattijon zuwa shago, ya juya kowane agogo zuwa lokaci dabam, ya saita masu ƙararrawa su tashi tare. Suka tashi daidai lokacin da wani babban mutum ya zo karɓar nasa. Mutumin ya ce ashe nan ake kashe agogo, ya fita. Dattijon ya miƙe, jijiyar wuyansa a waje, ya ce, "Ɓace mini da gani!" Auta ya ɓace. Ya je wurin mai shayi yana ba da labari, ana ta ƙyaƙyatawa. Da ya dawo, kujera a kwance, mai ita a ƙasa.

A asibiti tambayar farko da aka yi ita ce, ƙarfe nawa ya faɗi? Aka ce akwai allurar da ake yi in an san lokacin kuma bai wuce ba. Yaron da ya fito daga ɗaki mai agogo ashirin da uku bai sani ba.

Ba a yi allurar ba.

Lahadi, bayan azahar

Allon jiya ne, ban wanke ba.

Yaya yana haɗa jakarsa. Ya zo ya zauna a kujerarsa ta dama, sai kuma ya tashi, ya ja ta ya kai bayan ƙofa, ya fita. Dama ta zama taga kawai.

Baba ya ɗauki allon da kansa. "Baba, agogunan shago ranar nan." Ya ce, "Wannan magana ba ta ƙare ba. Jiya ma haka ta yi mini." Ya ɗora yatsa a kan tawadar, yadda ake yi wa yaro ranar farko a makaranta, ya fara jan shi. Ni. Na. Juya. Yatsan ya tsaya kamar ya kai bakin rami. Ya ci gaba, wuyansa yana bin yatsan a hankali, a hankali, kamar hannun awa. Lokacin. Da. Ka. Faɗi.

Allon ya ƙare. Bayan allon sai hannuna. Bayan hannuna sai ni.

Ya kalle ni. Ba wajena ba, ni.

"Kai ne nan?"

"Ni ne, Baba."

"Tun yaushe?"

"Sati tara."

"Dubi kanka kamar tsintsiya. Ba wanzami a garin?" Ya sake duban allon. "Wannan ne labarin? To da wa zai juya su, aljani? Tun kafin in zauna na san kai ne."

Na ce, "Ka ce in ɓace."

"Kullum ina cewa ka ɓace. Yaushe ka fara jin magana?" Bakinsa ya ɗan karkace. "Na kira ka ran nan. Sau uku."

Ya ɗago hannun dama, ya tsallako da shi ta kan cikinsa, ya kama kunnena ya murɗa, murɗa ta gaske, irin ta da. Wallahi ban taɓa jin daɗin zafi haka ba.

"Gobe ka buɗe shago ka mayar da kowanne lokacinsa. Ka fara da na wurin ƙofa, shi ne uban sauran."

Bai fi minti biyu ba. Sai kansa ya fara zamewa yana komawa dama, kamar ƙofar da ba a saka wa dutse ba. Ya dubi taga ya ce, "Ina yayanka? Ka ce masa hannunsa da laushi."

Na bar masa wannan. Sati biyu kawai ya samu.

Litinin, bakwai da minti huɗu na safe, kuma wannan lokacin daidai ne

Kafin in ɗaga ƙofar shago, akwai gyara ɗaya.

Ni ba Babban Likita ba ne. Likitan gaske mutum ne gajere mai sanƙo, ba ya tari, kuma bai taɓa cewa na fi Yaya kyau ba, ko da yake na ga alamar yana tunani. Abin da na rubuta ya faɗa, ya faɗa, na gyara masa Hausar ne kawai. Littafin na Yaya ne, ya sayo don rubuta lokutan magani, na ɗauke daga jakarsa ranar farko, ya yi ta zargin nas. Yaya, na san za ka karanta wannan kana motsa leɓe har ƙarshen layi. Ka yafe fo ɗin. Sabuwar rigar dai ba ta yi maka kyau ba.

Ni ne Auta, ɗan mai gyaran agogo, mai kujerar hagu. Kunnena har yanzu zafi yake yi.